Jan Biron Malam

'Ya'yana masu karatun lauya, da ku da kuka gama kuna jiran tafiya Makarantar Horas da Lauyoyi, akwai tambayar da nakan yi wa duk matashin da aka turo ofishina a Sabon Garin Zariya don ya koyi aiki. Nakan ce, wa ya koya maka dokar filaye? Wa ya koya maka dokar shaida? Da yawa sukan amsa nan take, har su ƙara da labarin yadda malamin ke tsayuwa gaban allo. Amma a 'yan shekarun nan ina yawan haɗuwa da wanda zai kawo mini lambar kwas daidai, ya kawo makin da ya ci, sunan mutumin da ya shekara yana tsaye a gabansa kuwa sai ya yi dogon tunani. Abin yana damuna, kuma ku nake ji wa. Yaron da bai riƙe sunan malaminsa ba, alama ce bai taɓa zama kusa da shi ba. Wanda kuwa bai zauna kusa da malami ba, ya baro rabin abin da ya je nema a jami'a.

Ban ɗora muku laifin duka ba. Na san yadda aji yake yanzu, ɗalibai har bakin ƙofa, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, sai ya jira a turo takardun lakca ta WhatsApp. Na san abin da yajin aikin malaman jami'a ya yi muku, na 2020 da ya ci kusan wata tara, da na 2022 da ya ci wata takwas, aka dawo ana gudu da karatu don a cike giɓi. Malami ya gaji, ɗalibi ya gaji, kowa so yake a yi jarabawa a rabu lafiya. Duk da haka, a cikin wannan cunkoso akwai yaran da ke samun malamin da zai riƙe hannunsu, in ka bincika kuma za ka tarar su suka fara ɗaga ƙafa suka je.

Ku san inda kuke karatu. Wanda ya tashi daga Samaru da safe ya shiga motar Kongo, ya bi ta Kwangila da PZ, wurin da aka daɗe ana koyar da shari'a ya nufa. Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo ta girmi jami'ar kanta. A watan Oktoba na 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, makarantar Kongo kuwa tun 1947 aka fara ta don horas da akawuna. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, har da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan a ciki, aikinsu ya haifar da dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960. Daga nan aka riƙa kawo alƙalai, dattawan da suka sha Risala da Muhtasar da Tuhfa a zaurukan malamai, suna zama a aji a Kongo suna koyon sabuwar doka. Dattijo da rawaninsa, ya yi shekaru yana yanke hukunci, ya dawo kan benci yana tambayar abin da bai gane ba. Ta wannan makaranta marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ɗan Zariya, ya bi kafin ya tafi Ingila, ya zo ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1995 zuwa 2006. Mai Shari'a Mahmud Mohammed da Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, da suka hau kujerar daga baya, a nan suka yi digiri. Littafin Farfesa Chukkol kan laifuffuka da na Farfesa Yakubu kan filaye, waɗanda ake karantawa a jami'o'in ƙasar nan, malaman tsangayar shari'a ta nan ne suka rubuta su.

Ni ma a nan Allah ya haɗa ni da nawa. Ba zan kira sunansa ba, domin mutum ne da ba ya son a yabe shi a bainar jama'a, waɗanda suka zauna gabansa kuwa za su gane shi. Ni ɗan mai sayar da hatsi ne a kasuwar Sabon Gari. A gidanmu babu wanda ya taɓa shiga kotu sai in shaida ta kai shi. Makarantar gwamnati na yi, Turancina na cin jarabawa ne, bai kai na tsayawa gaban alƙali ba. Bayan gwajin farko aka raba takardu, tawa ta dawo ja wur, a ƙasa ya rubuta in same shi a ofis. Na je gabana yana faɗuwa. Ya ce in zauna, ya ɗauki takardar ya bi ta layi-layi, ya nuna mini amsar da na bayar daidai ce, sai dai na binne ta a shafi na uku, alƙali kuwa ba zai tsaya tono ba. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba. Ya ce ƙwaƙwalwar aikin ina da ita, harshe ne ya rage, shi kuwa harshe yau da gobe ke kawo shi.

Ya ɗora mini aiki. Kowane mako in shiga laburare in ɗauki hukunci ɗaya daga mujalladan rahoton shari'a, ko tsofaffin na Arewa ko na mako-mako da Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985, in karanta shi tun daga farko har ƙarshe, in taƙaita a shafi guda: me ya faru, a kan me aka yi jayayya, me kotu ta yanke, don me. Ranar Alhamis in tura ta ƙarƙashin ƙofarsa, Litinin in karɓa da jan biro. Aikin nan babu maki a cikinsa, ba ya cikin manhaja, ko kwabo ba a biyansa a kai. Da hutu ya zo ya ce kada in yini a rumfar babana. Da safe in je kotun majistare in zauna a bencin baya in saurara, da yamma in taya Baba awo, in kuma kasa kunne ga rigingimun 'yan kasuwa, na bashi da na ajiya da na gadon rumfa, domin dokar ciniki da muke karantawa a littattafan Ingila ita ce ke yawo a kasuwa da Hausa.

Shekarar da babana ya rasu, ni ne babba, ƙannena suna makaranta, na yanke shawarar in bar karatu in riƙe rumfa. Malam ya ga shafin Alhamis bai zo ba, ya tambayi abokan ajina, ya shiga motarsa ya zo har ƙofar gidanmu. Ya yi gaisuwa, ya zauna a tabarma da baffannina da kawunnaina, ya roƙe su a ba yaron nan shekara biyu. Bai yi mini alkawarin aiki ba, bai kuma raina rumfar da ta ciyar da mu ba. Baffana ya karɓe ta, na koma aji. Duk abin da na samu da aikin lauya, da gidan da na gina, da ƙannen da na aurar, sanadinsu wannan zama ne a kan tabarma. Allah ya saka masa da alheri.

Ku lura da abu ɗaya a labarin nan. Malam ya san ba na nan ne saboda akwai shafin da yake jira. Da ban saba zuwa ofishinsa ba, da na ɓace cikin taro ba wanda ya sani. To ga abin da na fi gani a wurinku: ɗalibi ba ya neman malami sai ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Maki ya ɓata, ko kundin digiri na jiran sa hannu saura kwana biyu, ko ana son takardar yabo ta neman gurbin karatu a waje gobe-gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin da bai san ka ba, me zai rubuta a kanka? Layi uku zai yi na sauke nauyi, masu karantawa kuwa sun san irin wannan takarda. Ɗana, ka je tun kana aji biyu, ka je da tambaya ta gaske. Ka karanta hukuncin da ya ambata a lakca, ka zo ka ce, Malam, na karanta shari'ar da kuka faɗa, amma ban gane abin da ya sa alƙali ɗaya ya saɓa wa sauran ba. Malamin ƙwarai ba ya korar mai irin wannan tambaya. In ka tarar yana sauri, ka tambayi lokacin da za ka dawo, ka kuma dawo a lokacin. Aikin lauya sana'a ce irin ɗinki. Yaron tela ba ya iya yanka da jin bayani, sai ya zauna gefen keke yana kallon hannun maigidansa, ya ɓata yadi a gyara masa.

Sai maganar jan biro. Na ga yara masu ƙoƙari da suka daina zuwa wurin malami don ya yi ta maido musu da babi na ɗaya, suka koma neman wanda zai sa hannu bai karanta ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mutumin da ya zauna da dare ya bi rubutunka kalma-kalma ya ba ka lokacin da iyalinsa ke da haƙƙi a kai. Kuskuren da bai kama ba a aji kuwa kotu za ta kama shi, a can kuma ba kai za ka biya ba. A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Okafor da Nweke cewa takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista, ba ta da inganci. Ƙararrakin da aka yi shekaru ana yi suka riƙa rushewa saboda layi ɗaya a ƙasan takarda. Wa'adin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ma haka yake: a ƙarar da ba ta laifi ba, kwana 14 ne a kan hukuncin tsakiyar shari'a, wata uku a kan na ƙarshe. Lauya ya yi sakaci da ƙirga kwanaki, sai ya koma roƙon kotu ta ƙara masa lokaci, tana kuma iya ƙi. Wadda za ta kwana da wannan asara wata uwar marayu ce a Muciya ko Hayin Dogo, da ta sayar da awakinta ta biya ka don ka tsare mata gidan da miji ya bari. Malamin da ya rage maka maki don ka kawo aiki a makare, wannan matar yake karewa tun ba ka san ta ba.

Yaba kyauta tukuici, amma a san irin tukuicin da lokacinsa. Kada ka kai wa malami buhun shinkafa ko turmin shadda alhali takardar jarabawarka tana hannunsa. Ko da zuciya ɗaya ka yi, ka jefa shi cikin zargi, ka kuma koya wa kanka tun kana ɗalibi cewa hukunci abin saye ne. Wanda ya saba da haka a jami'a, gobe magatakardan kotu zai nema da ambulan. Ka bari sai ka fita daga hannunsa, sannan ka kai abin da Allah ya hore. Kafin nan godiyarka ita ce ka kawo aikin da ya sa ka a kan lokaci, ka gyara inda ya ce ka gyara, ka maido littafin da ya ara maka da bangonsa.

Godiya kuma ba ta hana ka saɓa masa, wannan ma gadonmu ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya saɓa masa a rubuce kan batun kafirta mai aikata manyan zunubai, amma bai fasa ambatonsa da girmamawa da bayyana falalarsa a kansa ba. Ƙaninsa Abdullahin Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta wurin kowane. Mudawwana da malaman Malikiyya ke dogaro da ita, asalinta tambayoyin Sahnunu ne ga Ibnul Ƙasim, shi kuma yana amsawa da abin da ya ji daga Imamu Malik. A zaurukan Kona da Juma cikin birnin Zazzau har gobe za ka ji malami ya ce, haka malam wane ya biya mana. Ku kuwa kun zo a zamanin da intanet ta sauƙaƙa ɗaukar rubutun wani. In ka ɗauki ra'ayin malaminka ka sa a kundinka, ka faɗi mai shi. Shafin nan na mako-mako har yau ina sa yaran da nake horarwa, ina kuma gaya musu wurin wanda na karɓo shi. Wata rana kana iya samun kanka a kotu ɗaya da wanda ya koyar da kai, kai a wannan ɓangare shi a wancan. Ka yi iyakar ƙoƙarinka ka rusa hujjarsa, domin abin da ya koya maka ke nan. In an tashi ka je ka karɓi jakarsa ka raka shi mota.

'Yata, ina da magana da ke ke kaɗai. Na san abin da ke hana yawancinku zuwa ofishin malami: kunya, da tsoron bakin mutane, da labaran da ake ji na malaman da suka ci amanar ɗalibai mata. Tsoron yana da dalili. Amma kada ya sa ki shekara biyar a bayan aji ba wanda ya san kaifin basirarki. Ki je da rana, a lokacin aiki, ki tafi da ƙawarki in hankalinki ya fi kwanciya da haka. Malamin kirki shi da kansa zai bar ƙofa a buɗe. Akwai malamai mata, har da farfesoshi, ki neme su. Duk wanda ya haɗa taimakonsa da sharaɗin da ya taɓa mutuncinki, ba ya bin ki bashin godiya ko ƙwayar zarra. Ki gaya wa iyayenki, ki kai maganarsa gaba. Hanyar kuwa wasu sun riga sun share miki. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa a wannan jami'a ta gama digiri a 1975, ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga 2014 zuwa 2020. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, macen da ta fara zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2012, a Zariya ta yi firamare, ta kuma yi karatu a Wusasa.

Bayan an rantsar da ku, kun sa hular gashi da baƙar riga, za ku tarar sunan malami yana buɗe ƙofa. Babban lauya zai ɗauke ka don wane ne ya turo ka, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Ka sani ranar da ya sa hannu a takardarka, sunan da ya yi shekara da shekaru yana tsarewa ya ba ka aro. Na ga matashin da ya karɓi kuɗin diyyar wanda yake karewa ya zuba a harkarsa da niyyar zai mayar, bai mayar ba, magana ta kai gaban Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne tsohon da ya tsaya masa tun farko. Daga ranar ya daina rubuta wa kowa takarda, yaran da ke baya suka rasa. Kuɗin wanda kake wa aiki a asusu daban ake ajiye su, an koya muku wannan. Riƙe shi yana cikin haƙƙin malaminka a kanka.

Saura maganar lokaci, ita ta fi ci mini rai. Duk sa'ad da wani farfesa ya rasu, Facebook kan cika da hotunansa da dogayen rubuce-rubuce: shi ne ubana, shi ya mai da ni mutum. Na yarda har zuci suke faɗa. Amma nakan je gaisuwa in ji iyalin suna cewa shekarunsa na ƙarshe shi kaɗai yake yini a falo da rediyo. Tun 2012 doka ta kai shekarun ritayar farfesa 70. Ranar da ya cika su zai kwashe littattafansa daga ofis, ya bar gidan jami'a a Samaru, ya koma wanda ya gina a Hanwa ko Palladan ko garinsu, wayar da a da ba ta hutawa ta yi shiru. Lokacin ne ya fi buƙatar ya san wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Zumunci a ƙafa yake. Nakan je wurin nawa bayan Juma'a in na samu sarari, da kuma kowace Salla. Idonsa ya yi rauni, saboda haka nakan tafi da sabon hukuncin Kotun Ƙoli in karanta masa, ya tsayar da ni a tsakiya ya ce in maimaita, ya yi gardama da alƙalan, wani lokaci da ni.

Ba sai ka zama SAN ba kafin ka je, kada kuma ka ce sai ka sayi mota. In kana nesa, a Legas ko Abuja ko ƙasar waje, ka kira, ka faɗi sunanka da shekarar da ka gama, ka gaya masa takamaiman abin da ya yi maka: Malam, wata rana kun ce mini kaza, ga inda maganar ta kai ni. Yawancinsu sun manta sun faɗa. In kana kusa, ka je da sana'ar hannunka. Akwai tsofaffin malamanmu da suka ƙare rayuwarsu suna koyar da doka, amma ba su samu sukunin bin takardar mallakar gidansu a Kaduna ba. Wasu takardun fanshonsu ne ba su kammala ba, ƙafa kuwa ta daina hawa benen ofisoshi. Ka tambaya cikin ladabi. In ya yarda ka karɓi fayil ɗin ka bi shi har ya fito, kada kuma ka kawo masa maganar kuɗin aiki ko na mota.